Sharhi: Shamuwa ta dawo, amma ina za ta yi sheƙa?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya bi hanyar Madarunfa ko ta Tibiri a 'yan kwanakin nan ya ɗaga kai, zai ga baƙuwarmu ta iso. Baƙin baya, farin ciki, jan gwiwa, tana ɗauke da tsinke a baki. Tun kafin rediyo ta fara karanta hasashen yanayi, shamuwa ce ke gaya wa manomin Katsinar Maradi da na Gobir cewa lokacin fito da iri ya yi.

Daga ina take? Muna yara an ba mu amsoshi iri-iri. Masu bincike daga ƙasar Danmak sun taɓa ɗaura wa wasu shamuwoyi na nan Nijar 'yar na'ura, suka bi sawunsu ta tauraron ɗan adam har ƙasar Tanzaniya. Wato in ruwa ya ɗauke mana wajen watan Oktoba, sai ta bi damina zuwa gabashi da kudancin Afirka, in Mayu ya kewayo ta juyo. Tsuntsuwar da nauyinta bai fi kilo 1 da 'yan kai ba. Can cirani take zuwa. Nan take aure, nan take saka ƙwanta 2 ko 3, nan take ƙyanƙyasa. Ashe ma kuskure na yi da na ce mata baƙuwa, 'yar gida ce.

Ƙungiyar IUCN, mai ajiye kundin halittun da ake tsoron ɓacewarsu, ta sa shamuwa a rukunin waɗanda ba a damu da halinsu ba tukuna. Madalla. Sai dai ni wannan hukunci bai sa na miƙe ƙafa ba, kuma dalilina ungulu. Dattawa, ku tuna yadda take cika mahauta, sai an kora. Ita ma a wannan rukuni take har zuwa 2011, lokacin da aka ce tana cikin haɗari, a 2015 kuma aka kai ta matakin gab da ƙarewa. Shekara 4 ke nan tsakani. Yau tambayi ɗan lakwal na cikin gari yaushe rabonsa da ganin ungulu.

Abin da shamuwa ke nema bai da yawa. Tana son dogon icce a tsakiyar mutane: kuka, tsamiya, gawo, wani lokaci ma kan jinka. Ba ta gudun ɗan adam, don ta san iyayenmu sun hana a taɓa ta. Yaron da ya harbi shamuwa da danƙo ko ya hau ya ɗebi ƙwanta, kafin ya sauko labari ya riga shi gida. Wannan hani ya tsare ta fiye da kowace takarda, duk da Nijar na cikin yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura, wadda ta fara aiki a 1999. Amma hanin kan tsuntsuwar ya tsaya, bai kai ga iccen ba. Ana yanka filaye, ana zuba siminti, tsamiyar da ta shekara ɗari sai ta faɗi a yini guda. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana kula da shi har ya girma, ya mayar mana da itatuwa a gonaki, jahar Maradi ta yi suna a kansa, to amma tsiron bana ba ya ɗaukar sheƙa.

Sai abinci. Cimarta fara ce da tsutsa da kwaɗi, tana tsinta a gona da fadama. Kowace farar da ta haɗiye, hatsin wani ne ya tsira, kuma ba ta karɓar ko dala. In aka yi feshi ba bisa ƙa'ida ba, da maganin da aka saya a bakin kasuwa ba takarda ba awo, farar da ta sha guba ita za ta kai wa 'ya'yanta. Mu ma da muke soya fara da yaji, ai kwanonmu ɗaya da ita.

Ga kuma ruwa. Gulbin Maradi ba ya malala kamar da tun da aka datse shi a Jibiya, yashi kuma na cike tafkin Madarunfa, wanda ke cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

Roƙona ga masu unguwanni da magadan gari da ma'aikatan gandun daji: a damina ta bana a sa 'yan makaranta su ƙirga sheƙunan da ke garinsu, a rubuta, a shafa wa duk iccen da ke ɗauke da sheƙa fenti, kada mai raba filaye ya ce bai sani ba. Baɗi a sake ƙirgawa.

Sai mun haɗu a sharhi na gaba. A huta lafiya.