Cunkoson Intanet Bayan Magariba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk mai POS a Wunti ko kasuwar Muda Lawal a Bauchi ya san wannan: magariba na yi, kwastoma na tsaye, na'ura na ta juyi, ga sandunan sabis a cike, amma kuɗi sun ƙi tafiya. Sai a ce "natwok ne", a yi shiru.

Sau da yawa cunkoso ne. Tun asali intanet ba ta yi wa kowa alƙawari ba, iya ƙoƙarinta kawai take yi. Kowane saƙo yayyanka shi ake yi ƙanana a tura. In hanya ta cika, wasu su jira, wasu a zubar a sake turowa. A watan Oktoban 1986, a Berkeley ta Amurka, gudun wani layi ya faɗo daga bit (ma'aunin data mafi ƙanƙanta) 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal, saboda kwamfutoci na ta maimaita turo abin da ya ɓace. A 1988 wani masanin kwamfuta, Van Jacobson, ya fito da mafita: da zarar saƙo ya ɓace, mai turawa ya sassauta gudu.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Masu ƙera na'urori suka faɗaɗa wurin jira don kada a zubar da komai, layi ya yi tsawo, mai turawa kuma bai san hanya ta toshe ba. Ɗan saƙon mai POS, ko muryar uwa da ke kiran ɗanta ta WhatsApp, sai su maƙale a bayan bidiyon wani, kamar mai keke Napep a bayan jerin tireloli. Wannan ma an samo maganinsa. A 2012 Kathleen Nichols da Jacobson suka fito da CoDel, dabarar da ke hana layi tsawo, aka kuma haɗa ta da raba wa kowa layinsa. Tana cikin manhajar Linux, kyauta.

To, me ya hana mu gani a ƙasa? A Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Tunda mun biya, muna da bakin magana. A ƙara shimfiɗa wayar faiba zuwa turakun sabis, a gyara tsarin layi. Hukuma kuma ta riƙa auna jinkiri, ba gudu kaɗai ba, da ƙarfe 9 na dare a Yelwa, lokacin da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) ke kan waya, ta faɗa mana sakamakon kowane kamfani.