Wai kowa da gaskiyarsa? To a rage miki albashi mu gani

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan hayaƙin da kuke gani yana fita daga bakina sanyi ne, kada wani ya ruga ya kai wa Mama rahoto a Kaltungo cewa ɗanta ya fara shan taba a ƙasar Turawa. Ƙarfe huɗu saura na yamma ke nan a Manchesta, amma ku dubi bayana, har an kunna fitilun titi. Ku a Gombe yanzu biyar saura, rana na nan daram, na san wani yana ƙarƙashin dalbejiya yana fifita da kwali yana tsine wa zafi. Ku riƙe zafinku da kyau, ni zan saya da kuɗi in ana sayarwa.

Ban yi niyyar kunna kyamara yau ba. Wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya, yau kuma ya juye ya koma abin dariya, na ce sai na ba ku labari kafin bas ta zo.

Kun san ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Shekaranjiya lokacin hutu ina zaune a ɗakin shan shayi, ina karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a wayata. Wata abokiyar aikina, Baturiya, yarinya ce mai kirki, tana jami'a, ta leƙo ta ce wane yare ne wannan. Na ce Hausa. Na ɗan yi mata burga ma, na ce tun 1932 muke da cikakken Littafin a harshen nan, lokacin ko kakarta ba a haifa ba. Hira ta yi hira, sai ta tambaye ni ko da gaske na yarda Yesu ya tashi daga matattu. Na ce ƙwarai. Sai ta yi wani murmushi, irin wanda ake yi wa yaro in ya ce zai sayi jirgin sama, ta ce abin sha'awa ne, wannan gaskiyata ce, ita ma tana da tata, ai babu wata gaskiya guda da ta hau kan kowa da kowa.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Wanda ya ce maka ƙarya kake yi ya ɗauke ka mutum, ya ga maganarka ta kai a yi musu a kanta. Wannan kuwa shafa kai ne. Na ajiye kofina na ce mata, to wannan maganar da kika faɗa yanzu, cewa babu gaskiyar da ta hau kan kowa, ita ta hau kaina ko ke kaɗai ta shafa? In ta hau kaina, ga guda ɗaya mun samu. In ba ta hau ba, to me ya sa kike gaya mini? Ta yi dariya ta ce ina da wayo. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa.

Yau aka turo takardar albashi. An yanke mata awa 6. Fam 70 da wani abu ke nan, a nan kuɗin cefanen mako ne in mutum ya iya tattali. Ku zo ku ga 'yar mutane. Ta fito da hoton jadawalin aiki, ta nemi a buga mata abin da na'urar shiga da fita ta rubuta, ta tsaya a ƙofar ofishin manaja fuskar nan ja kamar gauta, tana cewa awa 42 ta yi, ba 36 ba. Ban ji ta ce a ganina ba. Ban ji ta ce wataƙila kamfani ma yana da tasa gaskiyar ba. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in ce 'yar uwa, 36 ɗin gaskiyarsu ce, ki mutunta ta mana. Na haɗiye. Kuma wannan gargaɗi ne ga masu shirin zuwa: irin barkwancin da muke yi a majalisa a gida, nan kalma ɗaya sai ta kai ka gaban kwamiti, takardar zamanka kuwa a hannun wurin aikin take. Ka iya bakinka.

Ni mutumin Kaltungo ne, ba a koya mini wannan darasin a aji ba. Duk wanda ya san garinmu ya san asibitin saran maciji, daga jihohin maƙwabta ma ana kawo mutane. Kububuwa in ta sare ka, jininka ne yake daina daskarewa, har dasashi ya fara zubar da jini. Akwai gwajin da suke yi: a ɗebi jininka a zuba a 'yar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In ya daskare, da sauƙi. In ya kwarara kamar ruwa, dafi na jikinka, sai allurar maganin dafi. Na taɓa tsayawa a kan kawuna muna jiran minti 20 ɗin nan, an ɗauko shi daga gona lokacin girbi, yana ta cewa shi ba ya jin komai, a bar shi ya koma ya ɗaure dawarsa. Aka karkata kwalba, jini ya gangaro. Kwalbar ba ta tambaye shi ra'ayinsa ba, ba ta tambayi ko shi ɗan ECWA ne ko ɗan Izala ba. Da an bi tasa gaskiyar da yanzu shekara nawa da binne shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, suna faɗin maganar nan kamar jiya aka gano ta a jami'arsu. A 2016 ma masu ƙamus na Oxford har kalmar shekara suka zaɓa a kan wannan, wai an shiga zamanin da ji a rai ya fi hujja ƙarfi. Tsohuwar miya ce aka ɗumama. Fiye da shekara 400 kafin haihuwar Almasihu wani Bagirke, Furotagoras, ya ce mutum shi ne ma'aunin komai. Aflatun, wani masanin Girka, ya ba shi amsa da irin tambayar da na yi wa yarinyar nan: in ra'ayin kowa daidai ne, to wanda ya ce Furotagoras ya yi kuskure shi ma daidai ne. Na so in ce ni na ƙirƙiro, amma ina, an riga ni da shekara dubu biyu da ɗoriya.

Ga namu na Afirka, Agustin, wanda aka haifa a 354 a inda yau ake kira Aljeriya, ya yi bishop a Hippo har ya rasu a 430. Masu shakkar komai suka ce ta yaya ka san ba kuskure kake yi ba? Ya ce in ma ina kuskure, to ina nan ke nan, don wanda babu shi ba ya kuskure. Ga 'yan uwana Musulmi da ke kallo, Ibn Sina ma bai bar maganar ba, shi tasa hanyar ta fi zafi. Cewa ya yi wanda ya musa cewa abu da kishiyarsa ba sa zama gaskiya lokaci guda, a yi ta dukansa har sai ya yarda duka da rashin duka ba ɗaya ba ne. Ban ce ku je ku gwada ba fa.

A hirarmu ta shekaranjiya yarinyar ta kawo mini labarin makafi da giwa, wanda ya taɓa ƙafa ya ce itace ce, wanda ya taɓa kunne ya ce faifai ne. Na ce mata ni na ga giwa da idona a Yankari muna 'yan sakandare, ranar da muka yi wanka a Wikki har aka nemi takalmina aka rasa. Kai, ruwan nan mai ɗumi, a ce yanzu a tsoma ni ciki. To, labarin makafin ai bai ce babu giwa ba. Akwai giwa, guda ɗaya, kuma makafin duka ba su cika ta ba. Sannan mai ba da labarin shi ya ɗora kansa a matsayin mai ido wanda ya ga giwar gaba ɗaya. Ka ga wanda yake ce mana kada kowa ya yi iƙirarin gani, shi ne ya fi kowa iƙirari.

Ina da aboki a Jekadafari, Musulmi ne, tare muka yi makaranta. Mun yi musu a kan gicciye ya fi a ƙirga, a shagon mai shayi, har mai shayin ya kan ce ku biya ku tashi. Ni na ce an gicciye Yesu ya mutu ya tashi, shi ya ce ba a gicciye shi ba. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mini duka biyun daidai ne ba, ni ma ban taɓa ce masa ba, don mun san abu ɗaya ne ya faru ran nan a Urushalima. Shi ya riƙe mini kuɗin fasfo, da Sallah naman gidansu har yanzu yana isa wurin Mama. Na fi jin an girmama ni a wurinsa fiye da murmushin ɗakin shayi.

Kuma ku lura da wanda maganar nan take yi wa amfani. Ku shiga babbar kasuwar Gombe, ku tuna mai hatsin da ya bubbuge gindin mudu. In kowa da ma'auninsa, wa ya ci riba, shi ko gwauruwar da ta zo awon masara mudu biyu? Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mai ƙarfi ba ya bukatar gaskiya, yana da lauya, yana da kuɗi. Talaka in an ci iyakar gonarsa ba shi da komai sai cewa kututturen nan tun zamanin kakana yake wurin, kuma ko yana wurin ko ba ya wurin.

Bilatus, gwamnan Romawa da ya yi wa Yesu shari'a, shi ne yake zo mini a rai. A Yohanna 18 Yesu ya ce masa ya zo duniya domin ya ba da shaida ga gaskiya, Bilatus ya ce, mece ce gaskiya? Bai ko tsaya jin amsa ba, ya fita ya ce wa taron bai sami mutumin da laifin komai ba. Ashe ya sani. Tambayar ƙofar gudu ce kawai, ya wanke hannu ya miƙa shi. Mu Kirista abin da ya sa muka kafe shi ne Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya, shi ya yi duniya, ya kuma ba mu hankalin da zai iya kama ta yadda take. Yesu kuma a Yohanna 14:6 cewa ya yi shi ne gaskiyar.

Kada ku ce na ce na san komai. Bulus da kansa ya ce yanzu kamar a madubi muke gani, dishi-dishi. Ni da na rantse wa ƙanena cewa a Ingila ba a ganin mabaraci, ga wani can zaune a bakin shago da bargo da karensa, ba zan juya kyamara kansa ba. Na yi kuskure, kuma don akwai yadda abin yake ne ma ya sa ake iya kiransa kuskure.

Af, manaja ta duba na'ura, awa 42 ne, za a mayar wa yarinyar kuɗinta a albashin wata mai zuwa. Ta fito tana cewa ai ta san ita ce da gaskiya, har ta saya mini kofi na fam 3.50 don na taya ta lissafi, kuɗin da a Tumfure zai ciyar da ni yini guda. Ga ragowarsa nan ya huce. Lahadi ta ce za ta biyo ni sujada ta ji waƙoƙin Hausa, ban sa rai sosai ba, amma zan tanadi kujera. Ga bas ɗina can mai ruwan ɗorawa, fam 2 ne ko ina za ka. Wanda zai taho daga gida cikin watan nan, don Allah daddawa da kuka, na roƙe ku.