Kwanon Yaro da Bakin Iyaye

Sadiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Sadiya ce, ga Anti Rabi, ga Malam Nura. Yau Anti ce ta kawo maganar ciwon ƙin cin abinci a yara da matasa, kuma tun a hanya Malam Nura yake ta musu.

Nura: Ba musu ba ne. Cewa na yi, a lokacin da mudun shinkafa ya gagari talaka, mu zauna muna zancen yaron da ke ƙin abinci da gangan? Wannan ai ciwon ƙoshi ne, na Turawa.

Rabi: Haka aka ɗauka game da mutanen Fiji ma, Malam. Tsibirai ne can a tekun Fasifik, kuma su ma kamar mu, mace mai jiki suke yabo. Idan yarinya ta rame sai a shiga tambayar lafiya. A 1995 talabijin ta shiga yankin Nadroga. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a lokacin, ba ta samu ko ɗaya da ke ƙaƙaro amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, kusan kashi 11 cikin 100 na yi.

Sadiya: Shekara uku kacal.

Rabi: Uku. Kuma talabijin ce ta falo, wadda ake kashewa a kwanta. Yanzu fa wayar tana ƙarƙashin filon yarinya har asuba.

Nura: To amma mene ne ciwon takamaimai? Don ɗana ma ba ya cin miyar kuka, ko za a yanka shi.

Rabi: Wannan tsirfa ce irin ta yara, yawanci tana wucewa. Ciwon da muke magana na ƙwaƙwalwa ne. Akwai anoreksiya, mutum ya riƙa hana kansa abinci don tsoron ƙiba, ya rame ƙashi da fata amma in ya duba madubi ƙato yake gani. Akwai bulimiya, a ci da yawa a ɓoye, a je a amayar ko a sha maganin zawo. Akwai kuma mai ci ba ya iya tsayawa, ya gama kunya ta rufe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da irin waɗannan, kusan miliyan 3 daga ciki yara ne da matasa. Kuma anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, don zuciya kan gaza.

Sadiya: Anti, ni na gani da idona. Wata 'yar uwarmu, tana aji uku a makarantar kwana. A gida tun tana ƙarama "Tulu" ake kiranta, da wasa. Ranar wani suna, wata gwaggo ta kama damtsenta a gaban mata ta ce, "Ke da wannan jikin wa zai kwashe ki?" Aka yi dariya, ita ma ta yi. Hutun da ya biyo baya sai ga ta da azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da ranakun tsakiyar wata, kowa na sa mata albarka. Ni da muke ɗaki ɗaya na san ko an sha ruwa dabino biyu take ci. Tuwon dare kuwa a leda take ƙullewa, da safe ta jefa a bola. In an matsa mata ta ci, tana tashi sai banɗaki, ta saki famfo don kada a ji.

Nura: Subhanallahi. Ba wanda ya lura?

Sadiya: Yabo ma aka yi ta yi, wai ta yi kyau. Sai da al'adarta ta ɗauke wata da watanni, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, sannan aka tafi asibiti.

Rabi: Ka ji inda iyaye suke da hannu. Ban ce su ke jawo ciwon ba, a'a, akwai gado, akwai halin yaro kamar mai yawan damuwa ko mai son komai ya fita cif. Amma bakin gida na iya hura wutar ko ya yayyafa mata ruwa. Sunan tsokana a kan jiki, a daina shi, ko "Tulu" ne ko "Tsinke". Uwar da kullum take gaban madubi tana cewa "kai, tumbin nan ya ishe ni, daga gobe na daina cin dare", 'yarta na ji.

Nura: Kin ce "Tsinke". Ashe har da ramammu?

Rabi: Ai mu nan ta nan ma ya fi ƙarfi. Je ka kemis ka ji yadda 'yan mata ke neman maganin ƙiba, wanda ake ce wa sha-ka-fashe. Wani deksametazon ne, maganin da likita ke bayarwa don kumburi da asma. Yana kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi. Wani lokacin uwar ce da kanta ke sayowa idan biki ya matso, kada dangin miji su ce ba a kula da amarya ba. Likita ba lallai ya kira wannan anoreksiya ba, amma saiwar ɗaya ce: an koya wa yarinya jikinta na masu kallo ne.

Nura: To ni bari in yi ikirari. A gidana doka ce, ba mai tashi sai ya suɗe kwano. Haka aka yi mana.

Sadiya: Mu har ɗura aka yi mana, a matse ka a cinya, a toshe hanci, a zuba koko.

Rabi: Ɗura kam haɗari ce ma a kanta, kokon na iya bi ta huhu. Game da dokarka, Malam, akwai wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, da ta raba aikin biyu. Naka ne ka zaɓi abin da za a ci, da lokacin, da wurin. Na yaro ne ya ce ko zai ci, da kuma iya nawa. Yaro yana zuwa duniya da sanin yunwarsa da ƙoshinsa. In kullum kai ke faɗa masa ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, sai ya daina jin cikinsa.

Nura: Almubazzarancin fa?

Rabi: Zuba masa kaɗan, in ya cinye ya nemi ƙari. Kuma a daina cinikin nan na "in ka cinye tuwo zan ba ka alewa". Ka riga ka gaya masa tuwo horo ne, alewa lada.

Sadiya: Abin da na ga yana ɓacewa shi ne cin tare. Da a faranti ɗaya muke ci, wanda hannunsa ya yi sanyi nan take a gane. Yanzu kowa ya ɗauki kwano ya shige ɗaki da waya.

Rabi: Shi ya sa ledar 'yar uwarki ta daɗe ba a kama ba. Kuma kada a zuba ido kan 'yan mata kawai. Samari ma na kamuwa, musamman masu ɗaga ƙarfe da ke auna kowace loma.

Nura: In uba ya ga alamun, me zai fara yi? Ni dai na san faɗa zan fara.

Rabi: Faɗa zai sa ta ƙware a ɓoyo. Ka same ta ita kaɗai, ka faɗi abin da ka gani: "Na lura kwana biyu ba kya ci da mu, kina yawan jiri, hankalina bai kwanta ba." Kada ka ambaci ƙiba ko rama. Sannan a ga likita da wuri, kada a jira sai ta faɗi. In ya tura ku ɓangaren ƙwaƙwalwa, ko Dawanau ne a Kano, ko Barnawa a Kaduna, a je, ba hauka ake nufi ba. Maganin da aka fi samun nasara da shi a matasa ma, wanda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, iyaye ake sawa a gaba, su ke zama da yaron a kan kowane cin abinci har jiki ya dawo.

Nura: Ita 'yar uwar taki, Sadiya, yaya take yanzu?

Sadiya: Da sauƙi sosai, tana jami'a. Har yau dai ba ta son ci a gidan biki. Gwaggon kuma ba ta san ita ta fara ba, ba wanda ya iya gaya mata.

Nura: Allah Ya ƙara mata lafiya. Yau da dare zan gwada zuba kaɗan ɗin nan, in ya so mako mai zuwa ku ji yadda muka kwashe da miyar kuka.

Sadiya: Muna jira. Masu sauraro, sai mako na gaba, a huta lafiya.