Me ke kai ƙwayar mura cikin cibiyar ƙwayar halitta?

Jama'a, assalamu alaikum. Ku ɗauki ƙwayar halitta guda ɗaya, irin waɗanda suka shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro. Dunƙulen da ke tsakiyarta shi ne cibiya, a nan DNA, wato kundin umarnin jiki, yake ajiye, kuma ba a fita da shi. In jiki na buƙatar wani furotin, sai a kwafi umarnin a kan RNA, a fito da kwafin waje, can ake ƙerawa.

Yawancin bairos masu RNA ba su da abin nema a cibiya. Na shan inna, na ƙyanda, na zazzaɓin Lassa, na korona, duk a waje suke hayayyafa. Infuluwenza, mai kawo mura mai tsanani da murar tsuntsaye, ita ce ta fita daban. Sai ta shiga ciki.

Shigar kuwa ba banza ba. Cibiya kewaye take da ganuwa mai ƙofofi, ƙananan abubuwa su wuce abinsu, amma babban kaya sai da shaidar izini. Kayan gadon infuluwenza A guntaye takwas ne na RNA, kowanne a naɗe cikin furotin mai suna NP, kuma NP ɗin na ɗauke da shaida irin ta 'yan gida. Masu dakon ƙwayar halitta, waɗanda ake kira imfotin, da sun gani sai su ɗauka su shigar da shi da kansu.

To me ta je yi? Ku kula da nan. Kowane saƙon RNA da cibiya ke fitarwa, ana ɗora masa wata 'yar hula a kai. Da ita injinan ƙera furotin ke gane saƙon su karanta. Wanda ya fito kai ba hula, garkuwar jiki na iya ɗaukarsa baƙo. Korona na ɗinka tata hular. Infuluwenza ba ta iya ba, sai ta koma ƙwace. Injin kwafinta mai sassa uku yana maƙalewa a jikin injin kwafin mai gida, wato ƙwayar halittar da ta shiga. Sabon saƙo na leƙowa, sashen PB2 ya damƙe hular, sashen PA ya datse ta tare da haruffan RNA 10 zuwa 13, sannan PB1 ya ɗora nasa rubutun daga nan. Saƙon bairos ya fito sanye da hular mai gida, ba mai tare shi. Robert Krug da abokan aikinsa a New York ne suka gano wannan a ƙarshen shekarun 1970. Na Lassa ma yana ƙwacen hula, sai dai shi a waje yake yi.

Akwai wata ribar. Cibiya na da kayan yanka RNA da haɗe shi, da su bairos ke fitar da furotin biyu daga guntu ɗaya. Wani furotin nasa, NS1, kuma yana hana saƙonnin mai gida kammaluwa, har da na intaferon, wato kururuwar da ƙwayar halitta ke yi don maƙwabta su shirya. Af, waɗanda suka tsaya a waje ma ba su ƙyale ƙofofin ba: na shan inna yanyanka furotin ɗin ƙofar yake yi, na korona kuma ya toshe ta da furotin ɗinsa ORF6.

A ganina wannan dogaro da mai gida shi ne lagon infuluwenza. Maganin baloxavir, wanda Japan da Amurka suka amince da shi a 2018, sashen PA yake toshewa, datsa ta gagara, hula ta gagara.

Masu kiwon kaji, ga inda zancen ya zo kanku. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 karon farko a Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Kaji sun yi ta mutuwa, amma mutanen da suka kamu kaɗan ne ƙwarai. Ɗaya daga dalilan yana cikin cibiya. Injin kwafin bairos na buƙatar taimakon wani furotin na mai gida, ANP32A. Na kaza ya fi na mutum tsawo da guntayen amino 33, wato tubalan da ake gina furotin da su, kamar yadda Wendy Barclay da abokan aikinta a Landan suka nuna a 2016. Bairos ɗin tsuntsu ya saba da dogon, in ya tarar da gajeren namu sai aikinsa ya yi sanyi.

Amma canjin amino guda ɗaya a gurbi na 627 na PB2 na iya sa ya daidaita da namu. Wannan kaɗai bai isa ya sa cutar yaɗuwa tsakanin mutane ba, sai ƙugiyar da yake kama hanci da ita ta canza ita ma. Duk da haka, in aka samu murar tsuntsaye a jikin mutum ko saniya ko kyanwa, gurbi na 627 na cikin wuraren da masu bincike ke fara dubawa.