Tun 1538 suke rubuta sunan duk wanda suka binne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a fili nake, cikin maƙabartar wani ƙauye a yankin Dabisha da ke Ingila. Wallahi tun safe jikina a sanyaye yake, kuma ba sanyin garin ba ne.

Maƙwabciyata ce ta jawo ni nan, wata tsohuwa Baturiya da nake ce wa Mama. Ciwon gwiwa ya hana ta tafiya ita kaɗai, ta ce in rako ta neman kabarin wani kakanta na can sama, hawa shida. Na ɗauka tsofaffin gari za mu bi muna tambaya. Ina! Takarda ta zaro daga jaka, hoton shafin littafin cocin ƙauyen: ga sunan mutumin, ga inda yake zaune, ga ranar da aka binne shi, ga shekarunsa, har da sunan limamin cocin da ya yi jana'izar. Irin wannan littafi mai layi-layi a 1813 aka fara amfani da shi. Shehu Usmanu yana raye fa a lokacin, sai 1817 ya rasu.

Kuma wannan sabon salo ne. Asalin abin tun 1538 ne, zamanin sarkinsu Henri na takwas, aka umarci kowace coci ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Lokacin Muhammadu Kisoke ke sarautar Kano. Kada wani ya ce min ba mu da alƙalami a zamanin, muna da shi, muna da malamai, tarihin sarakunanmu ma a rubuce yake. Talakan ƙauye ne ba mu rubuta ba.

Ku ga duwatsun nan. Yawanci ruwa da gansakuka sun cinye rubutun, sai ka haska fitilar waya ta gefe kafin haruffa su ɗan fito. Mun yi awa biyu muna zagayawa, ba mu ga nasa ba. Mama ko a jikinta. Ta ce ɗan ƙodago ne a gona, iyalinsa ba su da kuɗin dutse, amma ta san yana cikin filin nan tunda littafi ya faɗa. A nan ne kakana ya faɗo min a rai. Da na tambayi Baba yaushe ya rasu, cewa ya yi shekarar Udoji, wato shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, bayan an cire amfanin gona. Kabarin kuwa, fasasshiyar tukunya aka kifa a kai, damina biyu ta tafi da ita. Dattijon da ke kula da maƙabartar garinmu shi ya san wajen kowa, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan su da rahama. Ni ban ce a gina kabari ba, tarbiyyarmu ba ta ba mu haka ba, kuma ga shi dutsen ma bai tsira ba. Littafin nake jin zafi a kai.

Wani abin mamaki, a tsofaffin shafukan za ka ga an rubuta cewa da ulu aka binne wane. Doka ce ta 1678: likkafani dole na gashin tumaki, don masaƙan ƙasar su yi ciniki, wanda ya saɓa tarar fam 5. Har likkafani sai da gwamnati ta sa baki.

Wanda zai yi irin wannan bincike a nan, ina gargaɗinka, kada ka taso kai tsaye coci. Tsofaffin littattafan an kwashe su zuwa gidan ajiyar takardun tarihi na lardi, na Dabisha yana garin Matlok, can Mama ta samo nata. Sannan ranar da ka gani ranar binnewa ce, ba ta rasuwa ba. Su ba kamar mu ba ne da ake rasuwa da safe a kai mutum kafin azahar, sai gawa ta yi kwanaki. Kafin 1752 kuma shekararsu 25 ga Maris take kamawa, don haka in ka ga Janairun 1740, a lissafin yau 1741 ce. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati sai 1837 ta fara. Kuma ka sa takalmin ruwa, ciyawa ta jiƙa min ƙafa sharkaf, ga shayi kofi ɗaya fam 3 a ƙauyen da tumaki suka fi mutane yawa.

Ɗazu da muka zauna a bencin can, Mama ta tambaye ni, kai ina aka binne naka kakan? Na ce a garinmu. Ta ce ta wane gefe? Na yi shiru.

Yau da daddare zan kira Kawu, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ɗauki makarar. Zan tura kuɗi a sayo babban littafi mai bango, a zaunar da shi ya faɗi duk wanda ya tuna da shekarar da ya rasu, ko da shekarar fara ce ko ta canjin kuɗi. Ga motarmu can ta sauko daga tudu, in ta wuce sai bayan awa biyu. Bari in kama hannun Mama.