Yadda Ake Karanta Lafiyar Sabar a Jadawalin Sa Ido

Assalamu alaikum, masu kallo. Abin da kuke gani a allo layi ne guda ɗaya mai hawa da sauka, kuma a cikinsa akwai labarin yini guda cur na wata kwamfuta mai yi wa dubban mutane hidima, wadda masu sana'ar ke kira sabar. Gefen kwance na jadawalin yana nuna lokaci, gefen tsaye kuma yana nuna yawan aikin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta yi, daga sifili zuwa kashi 100.

Kafin a zana layin nan sai an tara alƙaluma. Manhajar kula da cibiyar adana bayanai, wato wurin da ake ajiye sabar-sabar, tana tambayar kowace sabar halin da take ciki a kai a kai, a ce duk minti ɗaya, ko dai ta wata ƙaramar manhaja da aka girka mata, ko ta SNMP, wata ƙa'idar tambayar na'urori halinsu da ake aiki da ita tun 1988, sannan ta adana amsar tare da lokacin da aka ɗauke ta. Zabbix, wadda ta fito a 2001, da Prometheus, da aka fara ginawa a kamfanin SoundCloud a 2012, suna cikin masu wannan aiki, Grafana kuma, wadda ta zo a 2014, ita ce mutane da yawa ke ɗorawa a kansu domin zana jadawalin. Ana iya sauke dukkansu kyauta, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga cibiyar da ba ta da kuɗin biyan lasisi da dala.

Mu ƙaddara wata makaranta ce a nan Zariya mai shafin rajistar ɗalibai, kuma jadawali ya nuna furosesa tana aiki kashi 80. Shin akwai matsala? Wannan adadi shi kaɗai ba ya ba da amsa. Idan makon rajista ne, da hantsi, lokacin da shagunan intanet na Samaru da Kongo suka cika da ɗalibai, to sabar na yin aikin da aka saye ta dominsa ne. Amma idan ƙarfe uku na dare ne a tsakiyar hutu, wajibi ne a bincika, domin mai yiwuwa wata manhaja ce ta maƙale, ko kuma wani ya kutso yana haƙar kuɗin kirifto da na'urar. A ganina wannan shi ne babban amfanin jadawali: yana koya wa mai kula da sabar ɗabi'arta ta yau da kullum, ta yadda zai gane ranar da ta sauya hali.

Sai dai jadawali yana iya ɓoye gaskiya, kuma ina so ku natsu a nan. A ce furosesa ta cika maƙil na daƙiƙa 30, sannan ta koma kashi 10 a sauran minti huɗu da rabi. Matsakaicin waɗannan minti biyar kashi 19 ne kacal, layin zai kwanta lafiya lau, alhali duk ɗalibin da ya danna maɓallin biya a cikin daƙiƙun nan ya ga shafin ya tsaya cak. Haka nan sabar mai cibiyoyin sarrafawa takwas, wato sassan furosesa da kowanne ke aikinsa daban, idan ɗaya ta cika sauran suna hutawa, jimillar za ta nuna kashi 12.5 ne kawai. Saboda haka kada ku wadatu da layin matsakaici. Zabbix tana adana mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma na kowace awa, don haka ku zana layin ƙololuwa kusa da na matsakaici, kuma ku buɗe jadawalin kowace cibiyar sarrafawa daban idan ana kukan jinkiri.

Ma'adanar RAM kuwa, wato wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai na ɗan lokaci, ta kan tsorata sababbin ma'aikata ba gaira ba dalili. Tsarin Linux yana amfani da wurin da ba kowa wajen riƙe fayilolin da aka karanta kwanan nan, sai a ga kamar RAM ta cika, amma yana sakinsa da zarar an buƙata, don haka adadin da za a duba shi ne abin da ya rage da za a iya bayarwa. Abin tsoro shi ne layin da ke hawa a hankali kwana da kwanaki, ba ya saukowa sai an sake kunna manhajar, domin alama ce ta cewa tana karɓar wuri ba ta mayarwa.

A jadawalin faifan ajiya, gangaren layin ya fi tsayinsa muhimmanci. Idan gigabait 600 suka rage, kuma ana ƙara 10 kullum, kwana 60 gare ku, wanda ya isa a rubuta takardar neman kuɗi, a sayo faifai, a girka shi cikin natsuwa.

Akwai kuma layin da mu mazauna Arewa bai kamata mu raina ba, wato na zafi. Ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga sabar ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, mu kuwa mun san yadda Zariya take a bazara, cikin Maris da Afrilu, mun kuma san yadda ƙurar hunturu ke toshe matatar iska. Idan aka ɗauke wuta, batirin UPS yana riƙe sabar, amma sau da yawa na'urar sanyaya ɗaki tana tsayawa har sai janareta ya tashi. Zafi ya hau, fankoki su ƙara gudu, furosesa kuma ta rage saurinta domin kare kanta. Wanda ya duba jadawalin furosesa shi kaɗai zai ɗora wa manhaja laifi, amma wanda ya jera na wuta da na zafi da na furosesa a kan ma'aunin lokaci guda, kamar yadda kuke gani yanzu, zai ga wanne ya fara motsi. Wannan ba zai yiwu ba sai agogon dukkan na'urorin ya zama ɗaya, shi ya sa ake daidaita su ta ƙa'idar NTP.

Game da saƙon gargaɗi, shawarata ita ce ku bar manhajar ta tara bayanan aƙalla mako biyu kafin ku sa iyaka, kuma ku sharɗanta cewa sai adadin ya daɗe a sama, kamar minti goma, kafin waya ta yi ƙara, domin ma'aikacin da ake tasa cikin dare a banza yakan daina dubawa. Sannan ku ajiye wata ƙaramar na'urar sa ido a wajen ginin, wadda aikinta kawai ta tabbatar cewa ita kanta manhajar sa idon tana amsawa, domin idan wuta ta ɗauke ɗakin gaba ɗaya, ita kaɗai za ta iya aiko muku da saƙo.