Yadda Aka Raba wa Manoman Amurka Kuɗin Tallafin Korona

A watan Afrilun 2020, manomin karkara a jihar Iowa ta Amurka ya wayi gari da masara cike a rumbu, da shanu da suka isa yanka, amma babu mai saye. Gidajen abinci a rufe, manyan mayanka sun tsaya saboda cutar korona ta kama ma'aikatansu, masana'antun da ke sarrafa masara su yi man mota sun rage aiki. Farashi ya zube.

A ranar 17 ga Afrilu ma'aikatar noma ta ƙasar ta sanar da shirin tallafin korona da ake kira CFAP, na dala biliyan 19. Biliyan 16 daga ciki kuɗi ne da za su shiga asusun manoma kai tsaye. An fara karɓar takardu ranar 26 ga Mayu, a ofishin FSA (hukumar hidimar manoma ta ma'aikatar) da ke kula da gundumar manomi, ta fom mai lamba AD-3114.

To, yaya aka yi lissafin? Mu ɗauki masara. Ma'auninsu shi ne bushel, wanda ya kai kusan kilo 25, wato huɗu ne ke cika buhu mai kilo 100. A ce manomi ya girbe bushel 100,000 a 2019, kuma ranar 15 ga Janairun 2020 yana da 60,000 da bai sayar ba. Ba duka za a biya shi ba. Ana ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin abin da ya rage masa da rabin girbinsa, a nan 50,000 ke nan. Rabin wannan a biya shi santi 32 kowane bushel (santi 100 ne dala ɗaya), ɗaya rabin santi 35. Jimla dala 16,750. Kashi 80 cikin ɗari aka fara ba shi, dala 13,400, ragowar ya biyo baya.

Ku lura da kyau: masarar da aka riga aka ƙulla cinikinta aka yanke farashi kafin waccan rana ba ta cikin lissafi, ko da tana nan a rumbu, domin faɗuwar kasuwa ba ta taɓa ta ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen masu shanu. Wanda ya sayar da san da aka turke don yanka tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu ya samu dala 214 a kan kowane ɗaya. Wanda bai sayar ba sai bayan nan, dala 33 kacal a kan kowane ɗaya aka lissafa masa, bisa adadin shanun da ke garkensa tsakanin 16 ga Afrilu da 14 ga Mayu. Alhali a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu ne mayanka suka fi tsayawa. Maƙwabta biyu, asara iri ɗaya, kwana ɗaya tak ya raba su. Wannan kuskure ne a tsarin, kuma makiyaya sun yi gaskiya da suka koka.

An sa iyaka a shirin: mutum ɗaya ba zai wuce dala 250,000 ba. Wanda matsakaicin kuɗin shigarsa ya haura dala 900,000 a shekara ba ya ciki, sai idan kashi 75 na kuɗin daga noma ko kiwo suke fitowa.

A lokacin shirin, manomi da kansa yake rubuta adadin kayansa, ba a neman rasit a ranar. Amma dole ya adana takardun awo da na ciniki har shekara uku. Idan aka zo bincike lissafi bai yi daidai ba, zai mayar da kuɗin.

Zagaye na biyu ya buɗe daga 21 ga Satumba zuwa 11 ga Disamba 2020, da kuɗi har dala biliyan 14. A wannan karon an daina tambayar ranar da aka sayar da sa, aka koma biyan dala 55 a kan kowace saniya ko sa da ya cancanta a garke.